Matar Falke Ta Haifi Jaki

A Jajimaji, in mutum ya dace da abin da ya daɗe yana nema, nakan ji an ce "Abin nema ya samu," a yi shiru. Mai sauraro ke cike ragowar a ransa: "matar falke ta haifi jaki." Ɓarin farko ma'ana, na biyu hoto. Falke da jaki yake fatauci, ga shi ya samu kyauta, amma fa daga matarsa! Wanda bai san ɓari na biyu ba sai a zolaye shi ya yi godiya.

Mutanen Kanton a ƙasar Sin hoton suke sawa gaba. Sukan kira mai wuyar ganewa "fitilar fatar sa," su haɗiye ragowar: ko an kunna, ba haske.