Ɗanka a Makarantar Sakandaren Girka

Duk wanda ya sauka Girka da yara 'yan shekara 12 zuwa sama, ya sa batun makaranta a gaba tun kafin sauran al'amura su daidaita. Makarantar gwamnati kyauta ce, littattafai ma haka, kuma karatu dole ne har shekara 15. Bayan shekara shida na firamare, yaro zai yi uku a ƙaramar sakandare, Gimnasiyo, sannan uku a babba, Likiyo, ko ta karatun gama-gari ko ta koyon sana'a. Daga nan sai jarrabawar ƙasa baki ɗaya, wadda ita ce ƙofar jami'a.

Komai da Girkanci ake yinsa. Haruffansa 24 ne, yaro mai kaifin kai zai haddace su cikin 'yan kwanaki, kuma kafin shekara ta zagayo za ka ji shi yana cacar baki da abokai a filin ƙwallo. A nan iyaye da yawa suke ruɗuwa, su ɗauka an gama. Harshen wasa daban, harshen littafin tarihi daban. Ga kuma tsohon Girkanci, wanda ake fara koyarwa tun ajin farko na Gimnasiyo, tare da labarin Odisiyas na Homa. 'Ya'yan Girkawa kansu suna kuka da shi. Saboda haka ranar da ka kai ɗanka, tambayi shugaban makaranta ko suna da ajin tarbar baƙi, inda ake ware sa'o'i don koyar da harshen. Yawancin Girkawa suna biya wa 'ya'yansu darasin yamma a wuraren da suke kira forontistiriyo. Idan aljihu zai ɗauki darasi ɗaya tak, a ganina na harshe ya fi cancanta.

Dalilin da ya sa nake nanata batun makaranta shi ne takardu. Dokar 2015 ta ba yaron baƙo da ke zaune bisa ƙa'ida damar neman zama ɗan ƙasa idan ya kammala shekara shida na sakandare a makarantar Girka, ko tara idan aka haɗa da firamare. Ɗan wasan ƙwallon kwando Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, a Atina aka haife shi a 1994, a unguwar Sefoliya ya tashi, amma bai sami takardar zama ɗan ƙasa ba sai 2013. Yaranmu sun tarar da hanya ta fi sauƙi. Kada fashin makaranta ya ɓata musu ita, don ana ƙirga kowace sa'ar da yaro bai halarta ba, idan ta yi yawa sai ya maimaita aji.

Tarbiyyarmu ta gida takan jawo rashin fahimta a aji. Yaron da aka koya wa sunkuyar da kai gaban babba, malamin Girka zai iya ɗauka bai san amsa ba ne, ko yana ɓoye wani abu. A can ana so ɗalibi ya dubi malami, ya ɗaga hannu, ya faɗi ra'ayinsa, kuma maganar baki a aji tana cikin makin da ake bayarwa bisa 20. Ka gaya wa 'yarka cewa wannan ba rashin kunya ba ne a wurinsu. Ladabinsu yana cikin lafazi: malami da duk wani babba da jam'i ake yi musu magana, kamar yadda muke cewa "ku". Idan Bagirke ya ɗaga haɓa sama ya ɗan yi tsaki, a'a yake nufi, ba raini ba ne. Buɗe tafin hannu a fuskar mutum kuwa daƙuwa ce a wurinsu kamar yadda take a wurinmu.

Addini yana cikin makaranta a fili. A watan Satumba limamin cocin Otodoks ne yake buɗe shekarar karatu da yayyafa ruwa, kowace safiya akwai addu'a, akwai kuma darasin addini. Wanda ba ɗan Otodoks ba, Musulmi ne ko Kirista na wata ɗarika, iyayensa na iya rubuta takardar neman a ɗauke masa darasin. A yi ta da wuri, cikin mutunci. Faretin 25 ga Maris da na 28 ga Oktoba kuwa na tarihin ƙasa ne, ɗaya na tunawa da yaƙin neman 'yanci na 1821, ɗaya na ƙin miƙa wuya ga Italiya a 1940. Ban ga dalilin hana yaro shiga ba, kuma wanda aka hana shi kaɗai zai zauna gefe yana kallon 'yan ajinsu.

Wata rana za ka yi wa ɗanka magana da Hausa ya amsa da Girkanci. Kada ka yi fushi, kada kuma ka koma yi masa gurgun Girkancinka. Girkanci yana da malamai da abokai da talabijin, Hausa kuwa ku kaɗai gare ta a gidan nan. A ci gaba da ita wajen cin abinci, a riƙa haɗa shi da kakanni ta waya. Ranar karɓar sakamako, uba ko uwa su je da kansu, su nemi wani babba ya yi musu tafinta maimakon yaron da ake magana a kansa.