Darasin Lafiya: Ciwon Tarin Kitse a Ƙafafun Mata

A layin ɗiban ruwa da wurin rabon abinci muna ganin mata masu manyan cinyoyi da ƙafafu, alhali sauran jikinsu siriri ne. Wasu na cewa ƙiba ce, wasu su ce jifa aka yi musu. Sau da yawa ciwo ne da likitoci ke kira lifedima, wanda aka fara bayaninsa a Amurka a 1940. Kusan mata kaɗai yake kamawa, yana bin dangi, kuma yakan fara lokacin balaga, goyon ciki ko daina al'ada. Ba cin abinci ke kawo shi ba, shi ya sa zama da yunwa ba ya kawar da shi.

Yaya za mu gane shi? Ƙafafu biyun suna girma daidai da juna, daga ƙugu zuwa idon sawu, amma ƙasan idon sawu ba ya kumbura. Wurin yana da nauyi da zafi in an taɓa, ɗan bugu kaɗan sai jini ya kwanta. Ya bambanta da tundurmi, wanda ke kumbura har yatsu, galibi ƙafa ɗaya. Ya kuma bambanta da kumburin ciwon zuciya, ƙoda ko tamowa, wanda in an danna da yatsa yake barin rami.

Babu ƙwayar da ke warkar da shi, amma muna iya rage wahalarsa. Mu riƙa tattaki kullum gwargwadon ƙarfi. In mun kwanta, mu ɗora ƙafafu a kan matashi ko naɗaɗɗen bargo. Mu wanke su da sabulu, mu tsane, mu shafa mai. Mu tambayi asibitin sansani safa mai matsewa, ma'aikacin lafiya ya auna mana. Kada mu ɗaure da tsumma. Kada a yi ƙaho ko tsaga, domin rauni ƙofar ƙwayoyin cuta ne. Maganin sa fitsari ba ya rage kitse, kada mu saya. Tiyatar zuƙe kitsen a manyan asibitoci ake yi, likita ne zai yanke shawara.

Mu garzaya asibiti nan take idan ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi da zazzaɓi, ko numfashi ya yi wuya, ko mai ciki ta ga kumburin fuska da ciwon kai.

Magidanta, kada mu rage wa mai wannan ciwo rabonta na abinci, kada mu bari a yi mata ba'a. Mu raka ta asibiti a duba ta.