Haƙƙin Wanda Ya Ji Rauni a Teku da Haɗarin Gaggawar Sa Hannu

Duk shekara akan samu ma'aikatan jiragen ruwa da suke komawa gida da yankakkun yatsu, ko karyayyen baya, ko ƙunar da ta ƙi warkewa, kuma da yawa daga cikinsu ba su da abin nunawa sai 'yan kuɗin da aka damƙa musu a tasha da wata takarda da suka sa wa hannu ba tare da an fassara musu abin da ke cikinta ba. Al'amarin ya shafi tashoshin Apapa da Tin Can a Legas, da Onne da Fatakwal da Warri da Kalaba, haka nan Kwatano da Lome da Tema da Duwala, kuma bai tsallake 'yan Arewa ba, domin akwai masu dako da lodi a waɗannan tashoshi, akwai kuma samarin da suka shiga makarantar koyon aikin jirgi ta Oron a Jihar Akwa Ibom, ko suka samu gurbi a shirin horarwa wanda NIMASA, hukumar kula da sufurin teku ta Nijeriya, ta fara a 2008.

Hanyoyin jin rauni a jirgi sanannu ne ga masu sana'ar. Igiyar ɗaure jirgi idan ta tsinke takan dawo da ƙarfin da ke iya cire ƙafar mutum, ramin zuba kaya yana da zurfin da faɗawa cikinsa ba ya barin ƙashi lafiya, ɗakin inji cike yake da tururi da mai mai zafi, tankin da aka daɗe da rufewa kuma iskarsa kan kashe wanda ya shiga kafin ya ankara. Wani lokaci jirgin ne dungurungum yake kifewa, kamar Jascon-4 wanda ya nutse kusa da Escravos a watan Mayu na 2013 da mutum 12, aka tsamo kukunsa Harrison Okene shi kaɗai da rai bayan kimanin sa'a 60 a ƙarƙashin ruwa. Da yake ma'aikacin jirgi yana nesa da asibiti, yana ƙarƙashin umarnin kyaftin dare da rana, kuma ba shi da damar ajiye aiki ya kama hanyar gida, tun da can aka ware masa doka tasa. Dokokin Oleron, waɗanda aka tattara a gaɓar Faransa a ƙarni na 12, sun riga sun wajabta wa mai jirgi ya nema wa ma'aikacinsa marar lafiya masauki da mai jinya da abinci.

A yau ginshiƙin wannan haƙƙi shi ne Yarjejeniyar Ƙwadagon Teku, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a Janiba a 2006, Nijeriya ta rattaba mata hannu a watan Yuni na 2013, yarjejeniyar kuma ta fara aiki ranar 20 ga Agusta na 2013. Ta ɗora wa mai jirgi kuɗin magani da abinci da masaukin wanda ya ji rauni a bakin aiki, da cikakken albashinsa muddin yana cikin jirgi ko har a mayar da shi gida, da kuɗin mayar da shi ɗin, da kuɗin jana'iza idan rai ya yi halinsa. Ƙasa tana iya yanke wa wannan nauyi wa'adi a dokarta, amma ba ta da ikon sa shi ƙasa da mako 16 daga ranar raunin. Abin lura a nan shi ne ba a tambayar laifin wa kafin a biya kuɗin jinya, sai dai mai jirgi yana iya kuɓuta idan raunin bai faru cikin hidimar jirgi ba, ko ma'aikaci ya jawo shi da gangan, ko ya ɓoye wata cuta lokacin da likita yake duba shi kafin ɗaukarsa aiki.

Kuɗin jinya daban, diyya daban. Diyya ita ce abin da ake biya saboda naƙasa mai ɗorewa ko mutuwa, kuma yawanci adadinta yana rubuce cikin takardar ɗaukar aiki ko cikin yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta ƙulla da masu jirage, tare da jadawalin da ya ba kowace gaɓa kasonta. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun fiƙihu, inda hannu ɗaya yake da rabin diyya, yatsa ɗaya kuma ushirinta. Bayan wannan akwai mataki na uku, wato kai ƙara idan sakacin mai jirgi ko lalacewar kayan aikinsa ne ya jawo raunin. Galibi ba daga aljihun mai jirgi kuɗin suke fitowa ba, daga ƙungiyoyin inshorar masu jirage ne waɗanda ake kira kulob, kuma manyansu da suka haɗa kai suna riƙe da inshorar kimanin kashi 90 cikin 100 na nauyin jiragen da ke ratsa tekunan duniya. Kowace kulob tana da wakili a manyan tashoshi, shi ne kan fara isa gadon asibiti, kuma ko da mutumin kirki ne, albashinsa daga ɓangaren mai biya yake fitowa.

A nan ne babban haɗarin yake. Majiyyaci yana kwance a baƙuwar ƙasa, allurar kashe zafi tana aiki a jikinsa, jirginsa ya tashi da abokan aikinsa, iyalinsa suna ta bugo waya kan kuɗin haya da na makaranta, sai a kawo masa tikitin komawa gida da wasu daloli, a haɗa da takarda cikin Turancin lauyoyi a ce ta shaidar karɓar kuɗi ce kawai. Sau da yawa takardar ta wuce haka, domin cikinta akwai layin da ke cewa wannan biya shi ne cikakke kuma na ƙarshe, mai sa hannu ya yafe duk wani haƙƙi da yake da shi ko zai samu nan gaba a kan jirgin da mai shi da inshorarsa. Wannan ita ce takardar yafe haƙƙi, kuma da zarar alƙalami ko ɗan yatsa ya sauka a kanta, warware ta a kotu aiki ne mai tsawo da tsada wanda ba kowa ke cin nasararsa ba.

Illarta ta samo asali ne daga halin rauni kansa, wanda ba ya bayyana girmansa a makon farko. Ciwon bayan da aka ɗauka targaɗe ne yana iya zama abin da zai hana mutum ɗaga bokitin ruwa har abada, bugun da aka yi wa kai yana iya fito da farfaɗiya bayan watanni, yatsan da aka ɗinke yana iya ruɓewa ya ci hannu. Ma'aikacin jirgi kuwa ba ya komawa teku sai da takardar shaidar lafiya daga likita, saboda haka naƙasar da ba za ta hana mai shago zama a shagonsa ba tana iya raba shi da sana'arsa ɗungum. Misalin wanda ya sa hannu da wuri shi ne manomin da yunwar tsakiyar damina ta matsa masa, gero yana kore bai ko fitar da kai ba, sai ɗan kasuwa ya zo ya taya gonar gaba ɗaya da buhu biyu. A ranar buhu biyun nan sun fi ƙarfin raini, an ɗora tukunya, yara sun yi shiru, har manomi ya yi wa mai saye addu'a. Sai kaka ta yi, zangarniya ta cika ta sunkuya, a wayi gari yana tsaye bakin gonar da ya share ya shuka ya nome da hannunsa, yana ƙirga dammunan da amalanken wani ke kwasa, rumbunsa kuma babu ko tsaba, ga rani tsawonsa a gaba. Manomi dai yana da wata daminar da zai gyara kuskurensa, amma wanda ya sayar da haƙƙin ƙafarsa ba shi da ƙafa ta uku da zai sake ciniki a kanta.

Masu tsara doka sun san da wannan tarko. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a 2014, wanda ya fara aiki ranar 18 ga Janairu na 2017, ya wajabta a biya diyyar da ke cikin takardar aiki cikakkiya ba tare da jinkiri ba, ya haramta matsa wa ma'aikaci ya karɓi ƙasa da ita, ya kuma tanadi cewa idan tantance girman naƙasar zai ɗauki lokaci, a riƙa ba shi wani kaso na wucin gadi don kada talauci ya tilasta masa miƙa wuya. Karɓar wannan biya bai toshe masa sauran haƙƙoƙinsa na shari'a ba, kuma dole a liƙa takardar shaidar inshorar a fili cikin jirgi inda kowa zai karanta sunan mai biya da hanyar samunsa. A Amurka, inda dokar Jones ta 1920 ta ba ma'aikacin jirgi damar kai ƙarar ubangidansa kan sakaci, Kotun Ƙoli ta yanke tun 1942 cewa mai jirgi ne zai tabbatar an sa hannu a takardar yafewa bisa son rai da cikakkiyar fahimta. Malaman Malikiyya sun riga su, domin duk ɗalibin da ya sauke Risala ya san ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke an ga abin da ya bari.

Saboda haka babu uzuri ga masu fakewa da ƙaddara su tura ɗansu ya karɓi abin da ya samu. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma addinin da ya wajabta shi shi ne ya shar'anta diyya, kuma afuwar da ake samun lada a kanta ita ce wadda mai haƙƙi ya yi bayan ya san abin da yake yafewa, ba tare da yunwa ko tsoro sun riƙe masa alƙalami ba. Ɗan'uwan da ya tsaya kan majiyyaci yana cewa a bar kaza cikin gashinta don a samu na kashewa yau, ya sani cewa shi ne zai fara gajiya da ciyar da gurgun nan gaba, kuma marayun da aka yafe diyyar ubansu da sunansu suna da haƙƙi a wuyansa. Haka ejan ɗin ɗaukar ma'aikata da ke razana mutum da cewa sunansa zai shiga baƙin littafi idan ya nemi haƙƙinsa, ya saɓa wa yarjejeniyar, wadda ta hana amfani da irin wannan jeri, ya kuma ci amanar da za a tambaye shi. Hanyar tsira a bayyane take: kada a sa hannu a kan abin da ba a fahimta ba, a nemi kwafi, a kai wa lauyan da ya san shari'ar teku ko jami'in Ƙungiyar Ma'aikatan Ruwa ta Nijeriya ko sufeton ITF, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, idan kuma rasit ne ake so, a rubuta a jikinsa cewa biyan wani ɓangare ne kawai.

Abokin gaggawar sa hannu shi ne jinkirin kai rahoto. Saurayin da ya daure wa ciwo don kada a ce rago ne, ko don kada a sauke shi kafin wa'adinsa ya cika, yana rusa hujjarsa da kansa, domin raunin da bai shiga littafin jirgi ba mai inshora zai ce a gida aka same shi. Ya kamata a sanar da kyaftin nan take, a riƙe sunayen shaidu, a ɗauki hoton wurin da waya, a adana duk takardar likita. A Nijeriya dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa da kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi da iyayengiji ke zubawa, ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da ubangidansa, ta ba ubangida kwana 7 ya sanar da asusun, ta kuma sa shekara 1 a matsayin wa'adin neman diyya, sai dai in akwai uzuri na musamman. Wa'adin dokar Jones shekara 3 ne.

Sauran batutuwan a taƙaice. Tutar da jirgi ya ɗaga tana da tasiri kan dokar da za ta hau kansa, kuma jirage masu yawa suna rajista a Panama ko Laberiya ko Tsibiran Mashal alhali masu su suna wata nahiya, don haka wajibi ne ma'aikaci ya san tutar jirginsa ya kuma riƙe kwafin takardar aikinsa. A Nijeriya wata doka ta 1991 ta ba Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'ar teku, har da ikon tsare jirgi a tasha sai an ajiye jingina, yayin da rigingimun ƙwadago suke zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma zaɓen wadda ta dace aikin lauya ne. Wanda mai jirgi ya yasar, ko ya hana shi albashi wata 2, inshora za ta mayar da shi gida ta biya shi bashin albashi har na wata 4, wanda 'yan fashin teku suka sace kuma albashinsa yana ci gaba da tafiya tun gyaran yarjejeniyar 2006 da ya fara aiki a Disamba na 2020. Fasinja yana da tasa yarjejeniyar, ta Atina ta 1974, mai wa'adin shekara 2. Masunta da masu kwalekwale a Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi ba sa cikin yarjejeniyar 2006, domin ta ware jiragen kamun kifi da waɗanda ba sa fita daga ruwan cikin ƙasa, saboda haka haƙƙinsu yana komawa ne ga dokokin ƙwadago da na diyya na ƙasar da suke aiki a cikinta.