Darasi: Daga Ina Kuɗin Asibitin Gwamnati Yake Fitowa?

Darasinmu na wannan fitowa amsa ce ga tambayar da mai juna biyu ko mai goyo kan yi a bakin tagar biyan kuɗi ta asibiti: "Shin ba na gwamnati ba ne? To me ya sa ake cewa in biya?" Za mu yi misali da ƙasar Yauri a Jihar Kebbi, wato ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, amma bayanin ya shafi kowace jiha. Ki sani, 'yar uwa, hanyoyi uku ne kuɗi ke bi ya shiga asibiti, kuma kason inshorar da ke cikin ta ukun ba ya aiki sai da sunanki.

Hanya ta farko: kasafin kuɗin jiha

An raba aikin lafiya a Najeriya gida uku. Gwamnatin tarayya ke riƙe da asibitocin koyarwa. Jiha ke riƙe da manyan asibitoci, irin Babban Asibitin Yauri da ke Yelwa da asibitin Sir Yahaya na Birnin Kebbi. Ƙananan asibitocin mazaɓu kuwa, inda ake awon ciki da rigakafi, ƙaramar hukuma ce da hukumar lafiya matakin farko ta jiha ke kula da su.

Mafi yawan kuɗin Jihar Kebbi daga rabon wata-wata na Abuja yake zuwa, inda jihohi duka ke samun kashi 26.72 cikin 100 na asusun tarayya, ƙananan hukumomi kuma 20.60. Kowace shekara gwamna kan kai kasafi gaban majalisar dokokin jiha, a yanka wa lafiya nata kason. A shekarar 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. To amma fa abin da aka rubuta a takarda daban, abin da aka saki daban. Wanda aka saki ɗin ma, albashin ma'aikata ne ke fara cin nasa, sai gini da gyara, sannan abin da ya rage a sayi man janareta da magani. Shi ya sa za ki tarar da likita da gado, amma a miƙo miki takarda a ce ki sayo safar hannu da ruwan ƙari.

Hanya ta biyu: aljihun mara lafiya

A shekarar 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako, ƙasar Mali, da tsarin jarin magani mai juyawa. Gwamnati ta zuba jari a sayo magani, a sayar wa marasa lafiya da sauƙi, a koma a sake sayowa. Kamar jarin ƙosai ne: ranar da aka ci uwar kuɗi, kasko ya huta. Don haka duk abin da kika biya, ki karɓi rasit, domin kuɗin da ba rasit ba shi da tabbacin komawa cikin jarin. Har yanzu mafi yawan abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun jama'a yake fita, kuma a nan ne talaka ke sayar da akuya ko koma.

Hanya ta uku: asusun marasa ƙarfi

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun da ake kira BHCPF, wanda gwamnatin tarayya ke zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarta. An fara sa shi a kasafi a 2018, aka fara sakin kuɗin a 2019. Dokar ta ce rabi ya tafi inshorar lafiya, kashi 45 ya tafi ƙananan asibitoci don magani da gyara da ma'aikata, kashi 5 kuma ga agajin gaggawa. An kuma ɗora wa jiha ta kawo nata gudummawar. A 2022 wata dokar ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, ta tanadi kaso ga marasa ƙarfi.

A Kebbi, hukumar KECHEMA ce ke rajistar masu cin gajiyar wannan inshora, kuma an fi ba da fifiko ga masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu naƙasa da matalauta. To ga inda gizo ke saƙar: asibitin mazaɓa yana karɓar kuɗin inshorar ne gwargwadon yawan sunayen da aka yi wa rajista a wurinsa. In babu sunanki, babu kasonki, ko da kin fi kowa buƙata. Guraben kuma a ƙidaye suke, ba su kai yawan mabuƙata ba.

Wannan ya fi taɓa matan bakin ruwa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 aka tayar da dubban jama'a, akwai ƙauyukan masunta da tsibirai da sai an hau jirgin ruwa kafin a kai Yelwa ko Wara. Masu rajista sun fi saurin isa ga na kan titi. Ga shi kuma doguwar naƙuda da jijjiga da zubar jini ba sa jiran gari ya waye.

Abin da ya kamata mu yi

1. Ki je awo da wuri, ki tambayi shugaban asibitin mazaɓarku ko yana cikin tsarin BHCPF, da kuma lokacin rajista. Matambayi ba ya ɓata.

2. Ki yi katin ɗan ƙasa, ki yi wa yaranki takardar haihuwa, don ana neman shaida wajen rajista.

3. Kowace mazaɓa tana da kwamitin raya mazaɓa da ke sa ido kan kuɗin asibiti. Reshen ƙungiyarmu ya nemi a sa mata masu ilimi da riƙon amana a ciki, su san nawa ya shigo, me aka saya.

4. Mu tattara sunayen zawarawa da marayu da matan tsibirai, mu kai wa hakimi da jami'an rajista, mu kuma rubuta wa ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu kafin a zartar da kasafi.

5. Ki zauna da maigida cikin ladabi tun cikin yana ƙarami, ku ware kuɗin jirgi da na mota, ya kuma ba ki izinin tafiya asibiti ko ba ya gari. Wannan yana cikin ɗawainiyar iyali da Allah ya ɗora masa.

'Yar uwa, dukiyar gwamnati amana ce a hannun shugabanni, ba kyauta suke yi mana ba, kuma neman haƙƙi cikin natsuwa da mutunci ba rashin kunya ba ne. Haka nan wadda Allah ya hore wa kada ta tare gurbin marar ƙarfi, don shi ma cin amana ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauki masu juna biyu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyi. Amin. Wassalamu alaikum.