Me Ya Sa Fitilun Jirgin Ruwa Ke Dusashewa Idan An Tayar Da Babban Moto?

Ka taɓa lura da yadda ƙwan fitila ke dusashewa na ɗan lokaci idan firji ya tashi a kan ƙaramin janareto? Haka abin yake a jirgin ruwa, sai dai a can ba abin wasa ba ne, domin a tsakiyar teku babu wata wutar sai ta janaretocin jirgin.

Moto, wato injin lantarki mai juya famfo ko fanka, yakan ja wuta ninki 5 zuwa 8 na abin da yake ci a kullum a lokacin da yake tashi. Dalili kuwa, moto mai juyawa yana haifar da nasa ƙarfin wutar da ke tare wadda ke shigowa. A tsaye ba shi da wannan kariya, sai wuta ta kwararo kamar an ɓalle madatsa. Mai cin amfiya 100 zai iya jan 600 na 'yan daƙiƙoƙi.

Kowane kebul kuma yana cinye wani kaso na ƙarfin wutar. Lissafin shi ne amfiya sau turjiyar kebul. Ɗauki ƙaramin kwalekwale mai batir na bolt 12: idan sitata ta ja amfiya 200 ta kebul mai turjiyar om 0.01, bolt 2 sun salwanta a hanya. Saura 10, kuma shi kansa batirin zai ɗan yi ƙasa. Wannan ya isa ya sa na'urar GPS ta mutu ta sake kunnuwa.

Manyan jirage galibi suna aiki da bolt 440. Ɗaya daga cikin manyan masu cin wutarsu ita ce farfelar goshin jirgi mai tura shi gefe, kuma ana kunna ta ne daidai lokacin shiga tasha, inda ɗaukewar wuta ta fi haɗari. Idan ƙarfin ya faɗi sosai, makunnan wasu injinan sukan saki da kansu. Shi ya sa ake fara ƙara janareto na biyu kafin a taɓa ta.

Akwai kuma haɗin sita-delta, wanda ke rage wutar tashi zuwa kashi ɗaya cikin uku, amma ƙarfin juyin ma haka yake raguwa, don haka bai dace da moto mai tashi da kaya mai nauyi ba. Na'urar VFD ta fi shi, tana ɗaga gudun moto sannu a hankali, sai dai tsada.