KUREGE A RUMBU DA ƊAKIN AJIYA: HANYAR FITAR DA SHI

1.0 Gabatarwa

Yankin Funtua da Malumfashi a kudancin Jihar Katsina ya shahara da noman masara da dawa da auduga da gyaɗa. Da kaka ta yi, rumbuna da ɗakunan ajiya kan cika, ƙananan dabbobi kuma su biyo amfanin gona har gida. Wannan darasi zai duba yadda ake raba kurege da gida ba tare da an cutar da shi ko iyali ba.

2.0 Tantance Dabbar

Bahaushe ya bambanta kurege da ɓera da gafiya da jaɓa, kuma sanin bambancin shi ne matakin farko. Kurege yana da jela mai gashi buzu-buzu da farin zane a kowane gefen jikinsa. A rami yake zama, da rana yake kiwo, kuma gyaɗa ce abin marmarinsa. Saboda haka, motsin da ake ji a silin da dare galibi na ɓera ne ko jemage. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin wani nau'in ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a shekarar 1969.

3.0 Matakan Fitarwa

(a) A gano kafar da yake shiga, musamman gindin rumbu ko tsagar bango.
(b) A janye yara da karnuka, a buɗe masa ƙofa guda, a buga wani abu mai ƙara. Kurege matsoraci ne, da kansa zai fice.
(c) In ya ƙi fita, a ɗana keji da gyaɗa a ciki, a riƙa dubawa, sannan a sake shi a daji nesa da gonaki.
(d) Kada a kama shi da hannu, domin yana cizo.
(e) Kafin a toshe kafar da siminti ko ragar waya, a tabbatar babu 'ya'yansa a ciki, don kada yunwa ta kashe su.

A guji shinkafar ɓera, domin takan gurɓata hatsi, ta kashe kaji, wani lokaci har yara su ci. Haka kuma hadisi ya zo da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu.

4.0 Kammalawa

Malamin Hausa na iya soma wannan darasi da tatsuniyar kurege da bushiya, inda baƙuwa ta kore mai gida daga raminsa. Daga nan sai ya jawo hankalin yara ga kare abinci da kuma tausayin dabbobi.

Auna Fahimta

1. Kawo siffofi uku da suka bambanta kurege da ɓera.
2. Me ya sa ake duba rami kafin a toshe shi?