Amsoshin Tambayoyinku: Mai Rubuta Manhaja da Aljihun Kamfani

Wani mai sauraronmu daga Kano, shugaban masu rubuta manhajar kwamfuta a wurin aikinsa, yana tambaya: yaya zai fahimtar da yaransa cewa aikinsu na shafar cinikin kamfani?

To Malam, fara ba su labarin Knight Capital, kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka. An ɗora sabuwar manhaja a kan bakwai daga cikin manyan kwamfutocinsa takwas, aka manta da ɗaya. Ranar 1 ga Agusta 2012, wannan ɗayar ta yi ta saye da sayarwa ba kai ba gindi. Cikin minti 45 kamfanin ya tafka asarar fiye da dala miliyan 400.

Sannan kafin kowane aiki, gaya musu wa zai amfana, da kuɗin da ake sa ran samu. Riƙa zaunar da su tare da masu sauraron koken abokan ciniki. In an kammala, nuna musu alƙaluman ciniki, domin gani ya kori ji.

Da fatan ka gamsu, Malam.